Ƙwarewar kwamfuta ce ke kai mai digiri ga aiki, ko har yanzu sanayya ce?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai maganar da ake ta nanatawa a kusan kowane taron matasa a 'yan shekarun nan, cewa kwalin digiri shi kaɗai ya daina ciyar da mai shi, kuma wanda bai iya sarrafa kwamfuta ba zai daɗe yana zaman jiran aiki ko da ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya. Gwamnati ma a kan wannan fahimta take tafiya. Tun a 2019, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ƙaddamar da manufar tattalin arzikin fasahar zamani wadda ta sa burin cewa zuwa 2030 kashi 95 cikin 100 na 'yan Najeriya su iya amfani da na'urorin zamani. A ƙarshen 2023 kuma Dakta Bosun Tijani, wanda ya gaje shi a kujerar minista, ya fito da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, aka fara da rukunin mutum 30,000.

Abin da nake son mu tattauna shi ne ko wannan ƙwarewa tana sauya makomar wanda ya gama jami'a a zahiri. Ni a ganina tana sauyawa, amma ba zan ɓoye muku ba, na san matasa da suka tara takardun shaidar kwasa-kwasan intanet suna nan zaune a gida, na kuma san waɗanda ko madannan kwamfuta ba su saba da su ba amma an ɗauke su aiki mai tsoka saboda suna da uwa a gindin murhu. Ina roƙon masu ɗaukar ma'aikata, da malaman jami'a, da waɗanda suka nema suka samu ko suka rasa, su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Sarkin_Shakka:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Sumayya, ai ka ba kanka amsa a sakin layinka na biyu. A manyan hukumomin tarayya da kowa ke rububinsu, sau nawa ka ga an tallata gurbi a jarida? Sai dai ka ji an ce an ɗauki mutane, ka duba sunayen ka ga 'ya'yan su wane ne. Wanda ya iya kwamfuta da wanda bai iya ba duk a bakin ƙofa ɗaya suke tsaye idan babu mai riƙe musu hannu.

Hajiya_Akanta:
Ban musa wa Sarkin Shakka abin da ya faɗa game da wasu hukumomi ba, amma yawancin masu digiri ba a can za su ƙare ba, a kamfanoni masu zaman kansu da makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi za su nemi abincinsu, kuma a nan mai kamfani ba ya biyan albashi don ya faranta wa kowa. Ni ke kula da sashen kuɗi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma duk lokacin da za a ɗauki ƙaramin akanta ni ake sa in gwada masu nema.

Gwajin nawa ba shi da wahala. Ina zaunar da mutum gaban kwamfuta, in buɗe masa jadawalin Excel mai ɗauke da cinikin wata guda na rassanmu, kowane layi da sunan direba da irin kaya da adadin katan da kuɗin da aka karɓa. Sai in ce ya fito mini da jimillar cinikin kowane reshe, ya kuma nuna mini direban da bashi ya fi yawa a hannunsa. Wanda ya iya, kafin shayina ya huce ya gama. Amma na sha ganin mai digirin lissafin kuɗi, da sakamako mai kyau ƙwarai, ya zaro wayarsa ya buɗe kalkuleta, yana duban allon kwamfuta yana dannawa layi bayan layi, sannan ya rubuta jimillar da hannu a cikin akwatin ƙarshe. Ka ga ya san ka'idar aikin, idan na tambaye shi bambancin bashi da jari zai yi mini bayani tiryan-tiryan, amma ba zai iya rufe mini littafin wata ba sai mun kwana a ofis. Abin takaicin shi ne kusan kowannensu ya rubuta a takardar neman aikinsa cewa ya ƙware a kwamfuta.

Kuma zancen bai tsaya a ranar ɗauka ba. Cikin waɗanda muka ɗauka, wanda ya ƙara da koyon manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks da haɗa rahoto a manhajar Power BI shi ne manaja ke kira idan zai je ganawa da banki, kuma wanda ake gani a irin wannan zaman shi ake tunawa ranar ƙarin girma.

Matashin_Funtua:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai ina neman a yi mana adalci, domin da yawanmu mun ci darasin kwamfuta a aji ɗaya na jami'a ba tare da mun taɓa na'urar ba. A allo aka zana mana, a takarda muka amsa.

Dakta_MG:
Matashin Funtua ya faɗi gaskiya, kuma ni da nake koyarwa a jami'a ba zan kare abin da bai cancanci kariya ba. Amma ina so a fahimci yadda abin yake daga ciki. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhajar karatu da ake kira CCMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A takarda wannan dama ce babba ta shigar da ƙwarewar zamani a kowane fanni. Matsalar ita ce wanda zai koyar da darasin shi ma a tsohon tsari ya taso, ɗakin kwamfutar da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya gina yana nan amma sai an tayar da janareta, kuma tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, a watan Afrilu na 2024 jami'o'i da dama ke kokawa da takardar kuɗin wuta. Ku haɗa da yajin aikin 2020 da ya ci wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas, waɗanda suka sa aka riƙa matse zangon karatu don a cike giɓi. Idan lokaci ya ƙure, darasin aikin hannu shi ake fara yankewa.

Sai dai ɗalibai ma suna da nasu kason. Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne babi na huɗu na kundin kammala karatu, wato wurin nazarin bayanan da ɗalibi ya tattaro. Wannan ita ce dama guda da tsarin ya tilasta masa ya zauna da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS ko Excel ya juya alƙaluma da kansa. Me ake yi? Sai ya kwashi takardun tambayoyinsa ya kai shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta, ya biya, a miƙo masa jadawali da zane an gama. Ranar kare kundi in nuna masa lamba ɗaya in ce daga ina ta fito, sai ya tsaya yana kallon silin. Yaron shagon nan, wanda wataƙila difloma gare shi, shi ne ya samu ƙwarewar da aka shirya domin mai digirin.

Sarkin_Shakka:
To Dakta, idan kun san haka ake yi, me ya sa kuke ba su maki su wuce?

Dakta_MG:
Tambayarka tana kan hanya. Malami guda yana duba kundin ɗalibai masu yawan da ba zai iya zama da kowannensu ba, kuma idan ya kayar da duk wanda ya kai babi na huɗu shago, rabin ajin ba za su tafi hidimar ƙasa ba. Ban ce daidai ba ne, na dai faɗa maka dalilin.

Masanin_Tattali:
Ina so in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Labarin Hajiya Akanta ya nuna cewa ƙwarewa tana sa a zaɓe ka a bar wani, amma bai nuna cewa tana ƙara yawan guraben ba. Gurbi ɗaya ne a kamfaninta. Idan gobe duk masu neman suka iya Excel, har yanzu mutum ɗaya za ta ɗauka, sai dai ta ƙara tsaurara gwajin. Saboda haka abin da ke amfanar mutum ɗaya ba lallai ne ya magance matsalar al'umma ba, kuma a nan nake ganin jawaban jami'an gwamnati suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka durƙushe ba rashin iya kwamfuta ne ya rufe su ba, kuma horar da mutum miliyan 3 ba zai buɗe su ba.

Ƙwarewar tana ƙara gurabe ne kawai idan ta jawo aikin da da can ba a nan ake yin sa ba, kamar kamfanin Outsource Global da Hajiya Amal Hassan ta kafa, wanda ke ɗaukar matasa a Abuja da Kaduna suna yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki, ko kuma idan mai ƙwarewar ya buɗe nasa ya ɗauki wasu.

Dan_Rimi:
Ai shi ya sa rashin aikin yi ya kai kashi 33 cikin 100 a ƙasar nan.

Masanin_Tattali:
Ɗan gyara kaɗan, Malam Dan Rimi. Kashi 33.3 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne na ƙarshen 2020. A 2023 hukumar ta sauya ma'auninta, ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon shekarar. Wannan ya shafi muhawararmu kai tsaye, domin mai digirin injiniya da ke zaune a rumfar POS yanzu mai aiki ne a lissafin hukuma, alhali ba wannan Malam Abu Sumayya ke nufi da nasara ba.

Yerwa_Data:
Ni labarin ƙasa na karanta, fannin da 'yan uwa suka riƙa tambayata me zan yi da shi in ban da koyarwa. Lokacin hidimar ƙasa wani abokin zamana ya nuna mini QGIS, manhajar zana taswira da ake saukewa kyauta, daga nan na koyi haɗa fom ɗin tattara bayanai a KoboToolbox. Da na dawo Maiduguri na fara da aikin wucin gadi a wata ƙungiyar agaji, ina bin unguwanni da waya ina cike fom kamar kowa. Ranar da abin ya sauya ita ce ranar da fom ɗin ya riƙa tsallake tambayar mata masu shayarwa saboda kuskure a sharaɗin da aka sa masa, jami'in da ya haɗa shi kuma yana Abuja. Na ce wa shugabar tawagarmu zan iya gyarawa, ta ba ni kwamfutarta tana shakka, na buɗe jadawalin na gyara layin. Da aka tashi neman mataimakin jami'in bibiya da tantancewa, ita ta ce in nema.

Ina jin wannan ya taɓa maganar Sarkin Shakka ta wata fuska. Sanayya ce ta kai ni, tun da ita ta ambaci sunana, amma ba ta san mahaifina ba, aikina ta sani. Kuma abin da ya sa na fi wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta amfani a wurin shi ne na san abin da taswira ke nufi, na san dalilin da zai sa a raba unguwa gida-gida kafin a ɗauki samfuri. Digirin bai tashi a banza ba, manhajar ce ta ba shi hanyar fita.

Amma kada in yaudari kowa, wannan fanni ya dogara da kuɗin masu ba da tallafi. Da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a farkon 2025, na ga ƙwararru da suka fi ni iyawa sun koma gida.

Malamar_Asibiti:
Ina goyon bayan Yerwa Data a kan haɗa ƙwarewar da fannin mutum. A harkar lafiya, rahoton wata-wata na cibiyoyi a manhajar DHIS2 ake shigar da shi, kuma ma'aikacin da ya iya shigarwa ya kuma iya fito da rahoton ya karanta shi, shi ake turawa bita, shi ƙungiyoyi ke nema. Aikin kawar da shan inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, ya horar da matasa da dama a Kano a kan taswira da bibiyar masu rigakafi ta hanyar ƙungiyoyi irin su eHealth Africa, kuma da yawansu da wannan ƙwarewar suka ci gaba.

Dan_Gusau:
Duk wannan bayani yana da daɗin ji ga wanda ke zaune a Kano ko Kaduna. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane sai sun yi tafiya zuwa Funtuwa kafin su aika saƙo. Wanda yake tsakiyar kwas a intanet ko yake yi wa wani aiki daga nesa, ina zai sa kansa? Ko yanzu da layi yake, a watan Janairu na 2025 an amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Alawus ɗin mai hidimar ƙasa ya koma naira 77,000, amma ko ya tara na wata uku bai ci bai sha ba, ba lallai ya sayi tsohuwar kwamfutar hannu mai ɗan ƙarfi a titin Beirut na Kano ba. Ɗan mai hali yana da sola a gida da kwamfuta tun yana sakandare. Saboda haka idan aka ce ƙwarewa ce ke raba masu nasara da marasa nasara, ni ina ganin wani lokacin arzikin iyaye ne ya sake shigowa ta wata ƙofar.

Bamaradi:
Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya daga Maraɗi. Abin da Dan Gusau ya faɗa mun ɗanɗana shi, domin bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 an yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya na tsawon watanni. Muna kuma da wata matsalar da ku ba ku da ita sosai. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta Abdou Moumouni da Faransanci ya yi karatu, alhali mafi yawan darussan kyauta masu kyau da kasuwar aikin nesa da Ingilishi suke. Sai ya zama dole ya koyi harshe kafin ya koyi sana'ar. Waɗanda suka jure suka haɗa Faransanci da Ingilishi da Hausa da kwamfuta kuwa, ba sa daɗewa a kasuwa.

Baba_Fansho:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi aikin gwamnati tun zamanin da kowace ma'aikata ke da ɗakin masu buga tafireta, jami'i ya rubuta da hannu a kai musu su buga da takardar kabon. Da kwamfuta ta shigo, masu bugun da suka koye ta sun ci gaba, waɗanda suka ce sun tsufa da koyo aka bar su a baya, kuma da aka kawo tsarin biyan albashi na IPPIS na ga ƙananan ma'aikata sun zama su ake nema a sashen kuɗi saboda su suka iya. Don haka ban raina abin da kuke faɗa ba.

Abin da ke damuna dabam ne. Kafin in yi ritaya ana turo mana masu hidimar ƙasa da yatsunsu ke gudu a kan na'ura, amma ka ce su rubuta maka takardar bayani ta shafi ɗaya zuwa ga babban sakatare, sai ka rasa kanta da gindinta. Wanda ya kai darakta a gabana ya kai ne saboda ya iya karanta fayil ya gane inda matsala take, ya rubuta shawara a taƙaice, ya kuma iya zama da mutane.

Hajiya_Akanta:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganarka dutse ce, kuma ni ma ba na ɗaukar wanda ya ci gwajin Excel idan ya kasa yi mini bayanin abin da alƙaluman ke faɗa. Sai dai a yau kafin a kai ga ganin hankalin mutum, na'ura ta riga ta tace shi. JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, jarrabawar ƙwarewar malamai ta hukumar rajistar malamai TRCN da kwamfuta ake yi, haka ma ta ɗaukar aikin hukumomi irin su shige da fice. Mai hankalin da hannunsa ke rawa a kan na'ura lokaci zai ƙare masa bai kai tambayar ƙarshe ba.

Ummu_Affan:
Ina so a tuna da mata a wannan zance. Na karanta ilimin ƙananan halittu, na yi aure kafin in gama hidimar ƙasa, kuma aikin da zai fitar da ni tun safe har magariba bai yiwu mini ba da ƙananan yara. Yanzu daga ɗakina nake riƙe wa wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari lissafin kayansu da shafukansu na Instagram da WhatsApp, ina ɗora hotunan atamfa da leshi, ina amsa masu tambaya, ina haɗa musu rahoton abin da ya fita da abin da ya rage duk ƙarshen mako. Abin da nake samu ya fi abin da makarantar kuɗi ta unguwarmu ta yi mini tayi nesa ba kusa ba. Masanin Tattali zai iya cewa wannan ba aikin fannina ba ne, kuma haka ne, amma aikin da babu shi ne a da, domin alhazan nan a littafi suke rubutawa, wani lokacin ma a ka.

Ƙorafina ga masu shirya horo shi ne su riƙa duba lokaci da wuri. Ajin da ake farawa bayan la'asar a wani gefen gari a tashi bayan isha'i, mata da yawa an riga an cire su tun kafin a fara.

Matashin_Funtua:
Anti Ummu Affan, naki aiki ne na gaske. Amma a unguwarmu idan aka ce fasahar zamani, abin da matasa da yawa ke fahimta shi ne haƙar kuɗin intanet. A 2024 har masu digiri sun kwashe watanni suna dannar allon waya a wasan tara kuɗin intanet na Hamster Kombat, da aka zo rabo a watan Satumba akasarinsu abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. A watan Afrilu na 2025 kuma dandalin zuba jari na intanet na CBEX ya rufe da dukiyar jama'a. Ga kuma masu buɗe aji a WhatsApp su karɓi kuɗi su ce cikin mako guda za ka fara karɓar dala. Irin waɗannan su suka sa iyaye ke ɗaure fuska idan ka ce a taimaka maka da kuɗin kwamfuta.

Injiniya_Kazaure:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, wato dalilin da ya sa wasu ke da tarin takardun shaida amma suna gida. Ni a Kazaure na fara, a cibiyar koyon fasahar sadarwa da gwamnatin Jigawa ta kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga baya na yi digiri, yanzu ina rubuta manhaja ina kuma cikin masu tantance sababbin ma'aikata a inda nake. Takardar shaidar kammala kwas a intanet tana nuna mini cewa mutum ya kalli bidiyo har ƙarshe, shi ke nan. Abin da nake tambaya shi ne ya nuna mini abin da ya gina: shafinsa na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ko manhajar da ya yi wa makarantar Islamiyyar unguwarsu ta lissafin kuɗin wata, ko jadawalin da ya tsara wa kantin kawunsa. Matashin da ya yi kwas shida a fanni shida, yau zane gobe tsaron intanet jibi nazarin bayanai, bai kai wanda ya tsaya a kan ɗaya ya yi aiki biyu da mutane ke amfani da su ba.

Game da aikin nesa, gaskiya ne lissafinsa yana da jan hankali. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, mai samun dala 300 a wata ya tashi da naira 450,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Amma a san cewa ƙofar shiga ta ƙuntata. Tun a 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna da horar da sababbin masu rubuta manhaja a Legas, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce kasuwa manya take nema. Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito kuma, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su a shafukan neman aikin nesa na Fiverr da Upwork, irin su rubutun talla da zanen tambari da gyaran ƙaramin shafi, da yawansu mai aikin da kansa yake yi da ƙirƙirarriyar basira.

Bahaushiyar_Fassara:
Injiniya, wannan basirar da ta rufe wa wasu ƙofa ni ta buɗe mini. Digirina a harshen Hausa ne, kuma babu irin zolayar da ban sha ba a kai. Yanzu masu gina waɗannan na'urori suna neman wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya tantance musu fassara, ya gyara abin da na'ura ta rubuta, ya rarrabe jimloli. Na samu hanyar ne ta darussan kyauta na Arewa Data Science Academy da mu'amala da masu bincike na HausaNLP da Masakhane. Sai dai aikin na zuwa ne yana ɗaukewa, wata ka samu har ka ƙi wani, wata kuma shiru, kuma farashin fassara zalla ya faɗi saboda yanzu gyaran ta na'ura ake ba ka. Ba zan ba wa mai iyali shawara ya dogara da shi kaɗai ba.

Abu_Sumayya:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da Masanin Tattali ya kawo game da yawan gurabe ya girgiza ra'ayina fiye da yadda na zata, ko da yake labarin Ummu Affan ya nuna akwai aikin da ƙwarewar ke haifarwa da kanta. Tambayar da ta rage mini ta Dan Gusau ce. Wanda ba shi da kwamfuta, waya kawai gare shi, akwai abin da zai fara da shi, ko ya haƙura?

Injiniya_Kazaure:
Akwai, amma da iyaka. A waya zai iya koyon Google Sheets da haɗa fom da zane a Canva da kula da shafukan kasuwanci, zai kuma iya kallon darussa da daddare lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data mai rahusa. Rubuta manhaja da nazarin manyan bayanai da zanen injiniyoyi a AutoCAD kuwa sai da kwamfuta. Shawarata ga wanda bai gama makaranta ba ita ce ya ɗauki watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, da muhimmanci, ya nemi inda za a zaunar da shi gaban na'ura ko da ba za a ba shi ko sisi ba, maimakon inda za a sa masa hannu a littafi ya tafi gida. Mai hidimar ƙasa kuma ya duba shirin koyon sana'a na SAED tun a sansani, sannan cibiyoyin fasaha irin su CoLab a Kaduna wuri ne da zai haɗu da waɗanda suka riga shi.

Dakta_MG:
A kan SIWES ina tare da Injiniya, sai dai wuraren da ke da na'urar da za su ba ɗalibi ba su kai yawan ɗaliban da muke turawa ba, shi ya sa da yawa ke ƙarewa a sakatariyar ƙaramar hukuma suna jiran a tashi.

Sarkin_Shakka:
Na karanta duka, kuma na yarda cewa a kamfanin Hajiya da ƙungiyar Yerwa Data iyawa tana magana. Amma ku lura cewa duk wanda ya ba da labarin nasara a nan ya ambaci wani da ya nuna masa hanya: abokin zama, shugabar tawaga, masu bincike. Waɗanda suka koya suka rasa mai ambatar sunansu ba su shigo sun yi magana ba. Ina so in ji daga wanda ya gama 3MTT a rukunin farko ko na biyu, daga wata jiha ba Legas ko Abuja ba, ya faɗa mana aikin da yake yi yanzu da kuma yadda aka yi ya same shi.